Ƙafar da Ba Ta Jin Ƙaya

Jiya a layin asibiti na wanke wani mutum tas, mutumin da ban ma san sunansa ba, kuma har yanzu ban yi nadama ba. Muna zaune a benci muna jiran a soki yatsa a duba mana jini, sai na ji shi yana wa na kusa da shi alfahari, wai shi ƙafarsa ta gawurta, ko da tsakar rana ya taka kwalta ba takalmi ba abin da yake ji. Na kusa da shin har da gyaɗa kai yana cewa, "Kai, maza kenan!" Jikata da ta rako ni ta ga na fara gyara zama, ta kama jan mayafina tana cewa, "Hajiya, don Allah." Na ture hannunta, na ce masa, "Malam, cire safar nan ka nuna wa likita tun kana da abin nunawa." Ya yi mini kallon mahaukaciya. To, ya kalla ya ƙara. An yi mini irin wannan kallon tun ina budurwa, kuma gari guda ne suka taru suka yi mini shi.

Ni 'yar bakin kogi ce. Ƙauyenmu yana cikin fadama, tafiyar wuni ɗaya zuwa Haɗeja in mutum ya yi sammako da kaya a ka. A zamanin nan Bature ne ke mulkin ƙasa, amma mu ruwa ne ke mulkinmu. In damina ta yi nisa sai kogi ya taso ya shafe hanya, ya bar mu a tudu mu da awakinmu, ba ka jin komai sai kukan kwaɗi da na agwagin ruwa da ƙarar sanda tana bugun gefen kwalekwale. In ruwa ya janye kuma sai luguden shinkafa ya karɓa, gida ya amsa wa gida, hayaƙin banda ya kama zane ya kama gashi, har in ka shiga kasuwar birni ba sai an tambaye ka daga ina kake ba. Tsofaffinmu kan ce wa yara kada su raina ruwan da bai wuce gwiwa ba, don shi ne mai ɓoye abin da ke soka. Yanzu je ka duba wurin. An datse ruwan daga can sama, ciyawar kacalla ta cinye tafkunan da muka sani, tsuntsaye sun tare a cikinta suna cinye wa mutane hatsi, yaran da iyayensu suka iya nutso sun koma haya da babur. Ban ce komai na da ne mai kyau ba. Ai labarin da zan ba ku ma na wautar mutanen da ne, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne kogin ya tafi ya bar mana wautar.

Babana masunci ne, kuma a gidanmu ni ce mai kula da ƙafarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, bai taɓa kama sunana ba. Kullum in ya dawo daga ruwa bayan la'asar, sai ya zauna a kan turmi da aka kifa, in kawo ruwan ɗumi a ƙwarya, in wanke masa laka, in sa matsefata in tsince ƙaya, sannan in shafe fason da man shanu. Ina ƙarama aikin nan rigima ne. In na taɓa ƙaya sai ya zabura ya ce, "A hankali, Uwata, ba itace ba ce!" Ni kuwa da gangan nake yi wani lokacin, don in ga ƙaton mutum yana tsalle. Sai wata damina ya fara ƙorafin tafin ƙafarsa na yi masa zafi kamar an shafa barkono, wani lokacin ya ce tururuwa ke yawo a ciki. Aka jiƙa masa sassaƙe, aka yi masa turare. Bayan 'yan watanni ƙorafin ya ɗauke, kowa ya ce alhamdulillahi, magani ya ci. Ni kaɗai na lura ya daina zabura. Sai in zaro ƙayar aduwa mai tsawon gaɓar yatsa, shi kuwa yana ta hira da Inna, bai ma waiwayo ba.

Ba wannan kaɗai na gani ba. Ƙafar ta bushe ta yi sanyi ko da rana ta take, gashin ƙaurinsa ya kaɗe, takalmi ya zame masa a hanya ya yi tafiya mai nisa bai sani ba. Ga shan ruwa kamar rami, ya tashi da randa guda ya ce a ƙaro. Ga zagayawa bayan ɗaki a kai a kai, kuma in na je shara sai in tarar kiyashi sun yi baƙi ƙirin a inda ya tsuguna. Yana ci kamar mutum biyu, amma wando na zame masa. Duk na gani, sai dai ban san abu ɗaya ne ba.

Mutanen gari kuwa nasu ganin daban. A wurinmu in ruwa ya janye, sarkin ruwa yakan kame babban tafki, a hana kowa kamu har sai ranar su, wato ranar da gari duka ke shiga kamun kifi. Don kada ɓarayi su jefa koma, kuma don kifi ya samu wurin taruwa, sai a sassaro rassan ƙaya a zuba a ciki, su bagaruwa da farar ƙaya. Ranar su sai an fitar da rassan nan kafin jama'a su shiga. Da can da dogayen sanduna masu ƙugiya ake lalubo su daga kan gora, ƙaton duman nan da masunta ke hawa a ruwa, a ci rabin wuni mutane na tsaye suna tsaki. Sai shekara guda Baba ya gaji da jira, ya tuɓe riga ya shiga da ƙafa, reshe ya sarƙe shi ya nutsa ya jawo, kafin hantsi ya share tafkin. Ya fito jini na bin dugadugansa, fuskarsa ko gezau. Shi kenan aka samu abin faɗa. Wai ya sha tauri, wai wani maharbi ne daga gabas ya dafa shi. Makaɗa suka sa shi a kirari, yara suna bin sawunsa a laka suna gwada nasu. Shi kuma, Allah Ya jiƙansa, bai ce yana da magani ba, bai kuma ce ba shi da shi ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ba wanda ya san da zamansa, yau dagaci na aiko masa da goro. Yayana, wanda nake bi, ya fi kowa ɗaukar abin da zafi, don ya sa rai shi za a bar wa sirrin.

Na sami Inna a madafa na gaya mata abin da nake gani. Ta dube ni, ta duba ƙofa, ta ce, "Ki ja bakinki ki yi shiru. Kin san wace cuta ce ke kashe ƙafa?" Na san abin da take nufi, kuturta, wadda ko sunanta ba a son kamawa. A lokacin an ce masu ita kwashe su ake yi a kai su wani sansani mai nisa. Ashe ita ma ta daɗe tana satar kallon bayan Baba in yana wanka, tana neman tabo, ba ta ga komai ba, amma tsoron bai sake ta ba. Ta ce, "Gara a ce tauri ne, 'yar nan. Da tauri ana zama da mutane." Haka muka yi damina biyu, gari na yabo, Inna na ɓoyo, ni ina tsintar ƙaya.

Saura kwana huɗu a yi su na ji wari tun kafin in sa ƙafarsa a ƙwarya. Na ɗaga ta. A ƙarƙashin babban yatsa akwai rami, bakinsa ya yi baƙi, na matsa sai ga mugunya. Na sa matsefata na zaro ƙayar ƙurungu, kifin nan mai tsini a baya, ta karye a ciki. Wanda ƙurungu ya taɓa soka ya san ko ƙato ne sai ya yi kuka. Na ce, "Baba, yaushe ka taka wannan?"

Ya leƙo ya ce, "Mene ne? Au. Wa ya sani."

Na ce, "Kada ka shiga tafkin bana. Ka bari a yi da sanda kamar da."

Ya yi dariya. "Uwata, dagaci ya aiko. Baturen rangadi zai biyo ta nan, an riga an ba shi labarina. In ce masa me? 'Yata ta hana?"

"Ka ce masa ba ka da lafiya."

"Ina yake mini ciwo? Nuna mini inda yake mini ciwo."

Gaskiyarsa ce, ba ya masa ciwo. Na je wajen Yaya, ya ce in koma in ji da tukunyata, me mace ta sani game da taurin maza.

Ranar su gari ya fashe, har daga ƙauyukan maƙwabta an zo, kowa da homarsa ta kamun kifi da goransa, an yi layi a bakin tafki ana jira. An kafa wa Bature rumfa da kujera, ga tafintansa a tsaye a gefe. Kalangu ya ɗauka, Baba ya fito yana tuɓe riga. Na ɗaure masa ƙafar da tsumma da safe, na ga ya kwance ya yar. Ban san lokacin da na ratsa maza ba. Na cafke hannunsa da hannuwana biyu a daidai bakin ruwa.

Ya ce a hankali, "Sake ni, Uwata. Ana kallo."

Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ƙafarsa ruɓewa take yi! Ku zo ku duba! Ba tauri ba ne, ciwo ne!"

Kiɗa ya tsaya. Sarkin ruwa ya daka tsawa, "A janye yarinyar nan! Wa ya taɓa ganin mace ta kama mai shiga ruwa?" Yaya ne ya ɓanɓare yatsuna ya ja ni a ƙasa. Bature ya tambayi abin da ake ciki, tafinta ya yi masa magana, ya ƙyalƙyale da dariya. Tafintan ya juyo ya ce mini, "Na gaya masa kada kike tsoro ya kama miki uba." Baba bai dube ni ba, ya shiga.

Ya share tafkin kamar yadda ya saba, aka yi ta sowa, jama'a suka auka. Shi kuma aka kai shi rumfa aka zaunar, aka ɗaga tafin ƙafarsa don baƙo ya gani, ƙaya ta yi masa caa kamar bushiya. Ina tsaye a bayan rumfar, kuma abin da na gani ba zan yafe ba. Baturen ya matso da na'urar ɗaukar hoto, sai ya ja da baya, ya zaro hankici ya toshe hanci, sannan ya sake matsowa ya ɗauka. Ya ji warin. Mutum ne da ya fito daga ƙasar likitoci, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a ɗauki Baba a kai shi asibiti ko yana so ko ba ya so, tunda a lokacin in ya yi tari dagaci rawar jiki yake. Amma abin kallo ya zo gani, ya kuwa gani, ya yi musabaha da Baba ya hau dokinsa.

Bayan kwana uku zazzaɓi ya kwantar da Baba. Ƙafa ta kumbura har ƙauri, yatsu biyu suka yi baƙi. Aka kira wanzami ya yi sakiya, aka yi turare, aka ɗaura ganye. Masu kirari ba wanda ya leƙo, sai dai maganar da ta fara zagayawa, wai ni na karya maganin da na taɓa shi a bakin ruwa. A kwana na tara Inna ta fito tsakar gida ta ce ko kuturta ce a kai shi, gara sansani da kabari. Aka ɗora shi a jaki, Yaya na riƙe da shi, sarkin ruwa da mutum biyu suka raka mu don kada a ce ba su yi kara ba. Ni ina biye da butar ruwa, don ba ma tafiya mai nisa bai nemi sha ba.

Malamin asibitin da muka tarar a Haɗeja Bahaushe ne ɗan'uwanmu, mai kaki da tabarau. Ya buɗe ƙafar, ya duba, sannan ya ce, "Wa ke wanke masa ita?" Aka nuna ni. Ya ce, "Matso, ƙanwata. Tun yaushe ya daina jin ƙaya?" Tunda abin nan ya fara, shi ne mutum na farko da ya tambaye ni. Na ce damina biyu. Ya ce yana yawan shan ruwa? Yana yawan fitsari? Yana ramewa? Kiyashi fa? Duk abin da na ƙunsa a cikina sai ga shi yana jero mini su ɗaya bayan ɗaya, kamar a gidanmu yake kwana. Ya sa aka karɓo fitsarin Baba, ya ɗiga a wani ruwa shuɗi cikin 'yar kwalba, ya kara a wuta, muna kallo ya rikiɗe ya koma launin jar ƙasa.

Ya ce, "Ba kuturta ba ce. Ciwon ma ba a ƙafa yake ba, a jini yake. Sukari ne ya yi masa yawa, ya kashe jijiyoyin. Ƙafar ita ce kawai ta fara nunawa."

Sarkin ruwa ya ce, "Sukari? Malam, mutumin nan ina ya ga sukari? Tuwo da kifi ne abincinsa."

Malamin bai kula shi ba. Ya ce da tun farko aka zo, da an gyara masa ci, an sa shi takalmi, an raba shi da ruwa da ƙaya, kuma akwai allurar da ake yi a Kano. Yanzu sai dai a yanke ƙafar, can ɗin dai, in an yi sa'a. Jirgin ƙasa zai biyo ta Malam Madori jibi. A nan ne na ji haushin kaina. Ƙofar asibitin nan na sha wuce ta da kwandon banda a kaina in na zo kasuwa. Ba wanda ya ɗaure mini ƙafa. Da na ajiye kwandon sau ɗaya na shiga na yi tambaya, da ban san yadda labarin zai kasance ba.

Na zaci Baba zai ƙi. Sai ya ce a yanke. Aka fito da shi inuwar durumin da ke harabar, ya ce a jingina shi, ya sa Yaya ya kira masu rakiya. Muryarsa ta shaƙe, amma kowa ya ji.

Ya ce, "Ku saurara, don kada in tafi da shi. Ban taɓa shan tauri ba. Ba wani maharbi. Ƙafata ce ta mutu, kuka yaba, na ji daɗi na yi shiru. Yarinyar nan ba ta karya komai ba, ita kaɗai ta faɗi gaskiya." Ya juyo wajen Yaya. "Kai kuma ba abin da zan bar maka. Ka sa takalmi."

Suka ce, "Haka ne, haka ne, Allah Ya ba da lafiya." Na zagaya bayan bishiyar zan cika buta, sai na ji sarkin ruwa yana ce wa ɗayan, "Ka ga zurfin ciki ko? Yana bakin kabari, amma ya ƙi ba da sirrin."

Bai ga jirgin ba. Da hantsin ranar da za a tafi ya cika, kansa a cinyar Inna. A Haɗeja aka binne shi da ƙafafunsa biyu. Muka koma gida na tarar an gama yanke mini hukunci. Mata su ɗauke tulunsu in na iso rijiya, masunta su canza hanya in mun yi kiciɓis da safe. Yaya ya daina yi mini magana, sai dai ya kwance duk layun Baba da gurayensa ya ɗaura, ya jiƙe duk wani ƙullin gari da ya samu a ɗakin ya shanye, har da na basir.

Shekara ta zagayo, aka kame tafki, aka zuba ƙaya, ranar su ta zo. Ba wanda ya kawo sanda mai ƙugiya, don an riga an shelanta cewa ɗa zai gaji ubansa. Inna ta ƙi fita. Ni na je, na tsaya can baya cikin mata. Tsorona ɗaya ne. Malamin asibiti ya ce ciwon yakan bi jini, kuma tunda Yaya ya daina kula ni ban ƙara ganin tafin ƙafarsa ba. In ya shiga ya fito fuska ba gezau, to na san inda za mu ƙare.

Kalangu ya ɗauka, Yaya ya tuɓe riga, layu reras a damtse. Ya shiga har gwiwa, ya ƙara taku biyu. Sai ya ƙwalla wata irin ƙara da ta tashi tsuntsayen da ke hayin tafkin, ya fito da gudu a ƙafa ɗaya yana kiran Inna, ƙato da gemunsa, hawaye shaɓe-shaɓe. Gari ya kwashe da dariya. Ana ta cewa tir, ɗa bai gaji uba ba, rago kawai, an yi asarar layu.

Ni kuwa na tura matan da ke gabana na fito fili, na kama hanci na rangaɗa guɗa, irin wadda ake yi in an sauka lafiya. Dariyar ta tsaya cak, aka juyo ana kallona. Na ƙara wata, na ƙara ta uku. Sannan na je na durƙusa a gaban yayana a cikin laka, na ɗora ƙafarsa a cinyata, na kwance matsefata daga bakin zanena. Na kama ƙayar farko, ya zabura ya ce, "Wayyo, a hankali!" Na ce, "Yi ihu, Yaya. Yi da ƙarfi su ji."